BUTUTUN ƘAZANTA YA RUFTA, TITI YA HAƊIYE MOTA: Lacca ga Talakawa da 'Yan Kasuwa

 Maganar da za mu yi yau ba mai ƙanshi ba ce, sai ku yi mana gafara. Maganar ƙazanta ce, da hanyar da ta ke bi a ƙarƙashin ƙasa, da kuma abin da ke samun gari ran da hanyar nan ta rufta. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da tumatur da wannan? To, ku ba mu kunnuwanku. Kafin mu tashi za ku ga cewa in irin wannan masifa ta auku, ba babban mutum ta ke fara ci ba. Mai neman abincin yini ta ke fara ci.

ABIN DA YA FARU A YASHIYO

A ƙasar Japan akwai wani gari wai shi Yashiyo, cikin lardin Saitama, dab da birnin Tokiyo. Ran Talata 28 ga Janairu 2025, wajen ƙarfe 10 saura na safe, ana cikin zirga-zirga kamar kullum, sai tsakiyar wata mararraba ta burma. A daidai lokacin wata motar ɗaukar kaya ta iso, ta afka ciki da kai. Direban dattijo ne mai shekara 74, ya fito neman halaliyarsa. Da 'yan kwana-kwana suka iso yana da rai, har yana amsa musu magana. Bayan 'yan sa'o'i aka daina jin muryarsa.

Aka kawo injin ɗaga kaya aka ɗaura wa motar igiyoyin ƙarfe. Cikin dare aka jawo bodin, amma kan motar, inda direban ya ke, ya ɓalle ya zauna a ciki. A wannan dare kuma wani rami ya sake buɗewa a gefen na fari, ya haɗiye turken lantarki da allon wani gidan abinci. Ran 30 ga wata ramukan biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Ya yi ta cin gefensa har faɗinsa ya kai wajen mita 40, zurfinsa mita 15. Da ya ke akwai bututun gas a wurin, aka ce wa duk wanda ke zaune cikin tazarar mita 200 ya bar gidansa.

Me ke ƙarƙashin mararrabar? Wani babban bututu ne na kankare, mai faɗin mita 4.75, watau ƙafa 15 da rabi. Ku auna da ido: babbar mota za ta shige cikinsa ba ta taɓa sama ba. Yana binne wajen mita 10 a ƙasa, an fara aiki da shi a 1983. Duk ruwan wanka da na wanki da na bayan gida na mutum wajen miliyan 1 da dubu 200, mazauna garuruwa 12, ta cikinsa ya ke bi zuwa gidan tacewa. Shi ne ya ruɓe, samansa ya rufta.

YADDA ƘAZANTA KE CIN KANKARE

Jama'a, kada ku ɗauka dare ɗaya abin ya faru. Ruwa ba ya tsami banza. Ga yadda abin ya ke, kuma ba shi da wuyar ganewa.

Bututun ƙazanta ba ya cika taf. Ruwa yana bin ƙasansa, sama kuwa iska ce. A cikin daƙwalon da ke manne a ƙasan bututun akwai wasu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ƙazantar, suna fid da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa a nan ya san warin, don shi ne ke tashi in an buɗe tsohuwar shadda. Inda ruwan ya faɗo daga tudu, ko ya sha kwana yana tumbatsa, a nan iskar ta fi fita daga ruwa ta taru a sama. Samansa kuwa kullum a jiƙe ya ke da raɓa. A kan wannan raɓa wasu halittun dabam su ke zaune, su kuma aikinsu su juya iskar ta zama asid, irin wanda ke cikin ruwan batirin mota. Wanda ya taɓa ganin abin da ruwan batir ke yi wa riga ya san sauran labarin. Asid ɗin ya yi ta cin siminti yau da gobe, har kankare mai ƙarfi ya koma kamar jiƙaƙƙen alli. Rodin da ke ciki ya fito fili, ya yi tsatsa, ya tsinke.

Daga nan sai tsaga ta samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar da ke bisa bututun ta riƙa zurarewa ciki kaɗan-kaɗan, ruwa yana tafiya da ita. Kogo ya samu a ƙarƙashin titi, yana hawa sama yana girma. Kwaltar da ke bisa tana nan sumul, ana bi da mota, ba wanda ya san ɓawo kaɗai ya rage. Ran da ɓawon ya kasa ɗaukar nauyi, ran nan a ke cewa wai ƙasa ta tsage ba zato. Ƙasar Yashiyo kuwa mai taushi ce, rairayi da laka, ga ruwa kusa, shi ya sa ramin ya yi ta faɗi. Kwamitin masana da lardin ya naɗa don bincike shi ma a kan wannan iska ya ɗora laifin ruɓewar.

Ga kuma wurin da ya kamata mu tsaya mu yi tunani. A Japan ana lissafin irin wannan bututu zai yi shekara 50. Na Yashiyo shekararsa 42. Wajen shekara 3 kafin ya rufta an leƙa cikinsa, an ga alamar ci, amma aka rubuta cewa bai kai a gyara da gaggawa ba. Watau an duba, an kuma rubuta a takarda, amma takardar ba ta hana direba mutuwa ba. Duba na jeka-na-yi-ka bai fi rashin duba da kome ba, sai ma ya sa mutane su saki jiki.

ME YA SA GYARAN KE DA WUYA

Wani zai ce, ai Japan ce, ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa injuna ba, me ya hana su gama cikin mako? Tambaya ce mai kyau. A watan Nuwamba 2016 wani babban titi ya rufta a birnin Fukuwoka, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Hakata, saboda haƙar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ramin ya kai wajen mita 30 a faɗi. Cikin mako guda suka cike shi suka buɗe titi, duniya ta yi ta yabonsu. To, me ya bambanta?

Bambancin shi ne, a Yashiyo kogi ne na ƙazanta ke gudu a gindin ramin, dare da rana, kuma ba shi da makulli. In famfon ruwan sha ya fashe, sai a murɗe a kulle, mutane su yi haƙuri su sayi na 'yan garuwa. In wayar lantarki ta tsinke, sai a kashe wuta. Amma wa zai ce wa mutum miliyan ɗaya su daina zagayawa? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ba ya kuma maganin bututu. Muddin mutane na raye ruwan nan zai zo, in bai sami hanya ba ya koma baya ya ɓullo ta tituna da cikin gidaje.

Saboda haka aikin gaggawa irin wannan hawa-hawa a ke yinsa, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

Na farko, a killace wurin, a fid da mutane, a tsare gas da lantarki.

Na biyu, a rage ruwan da ke zuwa. Gwamnan Saitama, Motohiro Ono, ya roƙi mutanen garuruwan nan 12 su rage wanka da wanki. Ran 4 ga Fabrairu har aka roƙe su su ƙaurace wa ruwa iyakar iyawarsu daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, amma ruwan bai ja baya yadda a ke so ba. Aka sa motocin kwasar ƙazanta suna jida. Tun daga daren 29 ga Janairu kuma aka shiga zuƙe wani kashi na ruwan, a sa masa kulorin, maganin nan da a ke sa wa ruwan famfo, a zuba a wani kogi. Hukuma da kanta ta zuba ƙazanta a kogi, don in ba haka ba cikin gidaje za ta shiga. Roƙon rage ruwa ya kai har ran 12 ga Fabrairu, mako biyu cur.

Na uku, a yi wa ruwan hanyar ratse. Wannan shi ne uwar aikin. A kafa manyan injunan zuƙa a sama da inda ya rufta, a shimfiɗa bututun wucin gadi ya kewaye wurin, ya mai da ruwan cikin tsohuwar hanya a ƙasa da ɓarnar. Kamar dai yadda in gada ta karye a kan yanke hanya ta gefe kafin a gina sabuwa. Sai dai ita wannan hanyar ba ta hutu ko na minti ɗaya, kuma in an yi ruwan sama nauyinta ƙaruwa ya ke yi.

Na huɗu, a ɗaure ƙasar don kada ta rufta da ma'aikata. A kakkafa manyan faifan ƙarfe su zama bango, a ɗura wa ƙasar ruwan siminti ta daskare. A Yashiyo sai da suka yi gangara mai tsawon mita 30 kafin katafila ta iya sauka.

Na biyar, a haƙa a kai ga bututun, a kwashe ɓaraguzai. Na shida, a sa sabo. Na bakwai, a bi sauran tsawonsa gaba da baya a duba, domin iskar da ta ci wannan wuri ba ta bar maƙwabcinsa ba. Sa'an nan ne a ke cikewa a zuba kwalta.

Ku dubi tsawon lokacin da wannan ya ci. Da ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗauke da kyamara aka hango kan motar a cikin bututun, ruwa ya tura shi gaba, daga baya aka tabbatar yana wajen mita 30 daga ramin. Ana ganinsa, amma ba mai iya zuwa, saboda ƙarfin ruwa da iskar guba. Sai da aka gama hanyar ratse, aka haƙa wani rami daga sama, sa'an nan ran 2 ga Mayu 2025 aka fito da gawar dattijon. Wata uku da 'yan kwanaki iyalinsa na jira. A shekarar ta 2025 hukumar lardin ta ce kammala gyaran gaba ɗaya, har da shimfiɗa bututu na biyu don in ɗaya ya sami matsala ɗaya ya ɗauka, zai ci shekara 5 zuwa 7. Kuɗin gyara kuwa an ƙiyasta shi wajen yen biliyan 30, kusan dala miliyan 200.

BA JAPAN KAƊAI BA

Kada a ce wannan tsautsayin ƙasa ɗaya ne. A Amurka, cikin jihar Mishigan, akwai wani gari Fireza, arewa da Ditroyit. Ran 24 ga Disamba 2016, jajiberin Kirsimeti, wasu mutane suka farka da asuba suna jin gidansu yana ƙara yana tsagewa. Bututun ƙazanta mai faɗin ƙafa 11, binne wajen ƙafa 60 a ƙasa, shi ne ya rufta. Ƙasa ta lotsa tsawon ƙafa 250, faɗin ƙafa 100. Aka tashi gidaje 22, uku daga ciki aka ce ba su ƙara zaunuwa. Mutum wajen rabin miliyan ke amfani da bututun. Su ma an zuba ƙazanta a kogin Kilinton don kada ta shiga gidaje, an kuma roƙi mutane su rage ruwa, an yi hanyar ratse, an haƙa, an zura sabon bututu. Sai a Disamba 2017 aka buɗe titin, bayan an kashe wajen dala miliyan 75.

Abu biyu za mu ɗauka daga Fireza. Na ɗaya, wannan ne karo na uku da aka sami rufta a kan wannan hanya: an yi a 1978, an yi a 2004. Wanda ya toshe inda ya ɓulle kaɗai ya tafi, zai dawo. Na biyu, shugabar ma'aikatar ayyuka ta yankin, Candice Miller, wadda ta kama aiki mako ɗaya bayan ruftawar, ba ta tsaya ga gyara kaɗai ba. An bi sawu, aka ce a 2014 wasu 'yan kwangila sun tare ruwan don su yi aiki, sa'an nan suka sake shi gaba ɗaya maimakon sannu a hankali, ya bugi bututun. Aka kai ƙara. A 2020 aka sasanta a kan dala miliyan 12 da rabi. Bai kai abin da aka kashe ba, amma an nuna cewa kuɗin jama'a yana da mai bin kadinsa.

A birnin Gwatamala kuma, cikin Fabrairu 2007, magudanar ƙazanta ta fashe, rami mai zurfin wajen mita 100 ya buɗe a wata unguwar talakawa, ya ci gidaje da rayuka. Mutanen unguwar sun yi makonni suna jin ruri a ƙarƙashin ƙasa kafin ranar. Ƙasa ta yi magana, ba a saurare ta ba.

WA KE BIYA?

Yanzu mu zo ga tambayar da ta tara mu. In bututu ya rufta, wa ke ɗaukar nauyin?

Wanda ya mutu a Yashiyo direba ne. Waɗanda suka fara shiga ramin 'yan kwana-kwana ne, har biyu daga cikinsu suka ji rauni. Waɗanda aka rufe wa titi wata da watanni masu kantuna ne da masu gidajen abinci. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi. Ciniki ƙafa ne. In an datse hanya ƙafa ta ɗauke, mai saye ya koma wani wuri, in ya saba da can kuwa ko an buɗe hanya ba lalle ya dawo ba. Kuɗin haya ba ya jira, mai bin bashi ba ya jira, tumatur da kifi ba su jira. Mazauna kusa da ramin sun yi ta kukan wari da ƙarar injuna dare da rana, har suna nuna yadda ƙarafan gidajensu da na motocinsu suka yi tsatsa.

Kuɗin gyara kuwa daga ina? Daga haraji da kuɗin ruwa, watau daga aljihun mutanen da aka hana wanka. Kuma aikin gaggawa kullum ya fi aikin natsuwa tsada, nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo sayen rago ran jajiberin Salla ya san ba shi da bakin tayawa. Haka hukuma ta ke ran da titi ya burma: ba lokacin gwada farashi, ba lokacin tankaɗe 'yan kwangila, abin da aka ce shi za ta biya. A inda ba a sa ido kuwa, kalmar nan "gaggawa" ita ce babbar ƙofar da kuɗin jama'a ke bi su ɓace.

Me ya sa a ke bari sai ya rufta? Amsar ba a ɓoye ta ke ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba a yanka masa kyalle, ba a ɗaukar hoto a gabansa, ba a kafa masa allo da sunan kowa. Mai mulki ko'ina a duniya ya fi son abin da ido zai gani. Sabuwar gada tana jawo tafi, gyaran tsohon bututu kuwa ba wanda zai ce sannu. Japan tana da bututun ƙazanta mai tsawon kusan kilomita dubu 500, kuma a shekarar kuɗi ta 2022 kaɗai an lissafa wurare wajen 2,600 da titi ya lotsa ko ya burma saboda su, galibinsu ƙanana. Sai da rai ya salwanta sa'an nan gwamnatin ƙasar ta ba da umurni a bi manyan bututu masu faɗin mita 2 ko fiye, waɗanda suka shekara 30, wajen kilomita 5,000, a duba su ɗaya bayan ɗaya.

INA RUWANMU?

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaskiya ne yawancin garuruwanmu ba su da irin wannan babban bututu. Abuja tana da nata, wanda ke kai ƙazanta gidan tacewa na Wupa. Sauranmu shadda ce da sokawe da kwata da lambatu. Amma kada wannan ya sa mu yi barci. Muna da kwalbatoci a ƙarƙashin tituna. Muna da manyan lambatu da aka rufe da kankare aka kafa rumfuna a kai. Wanda ya san Jakara, wadda ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi a Kano, ya san irin abin da ruwan gari ke ɗauke da shi. Iskar da ta ci kankaren Japan ba ta san iyakar ƙasa ba. Duk inda ƙazanta ta kwanta a rufe, tana nan tana aikinta. Garuruwanmu kuma girma su ke yi, wata rana dole a shimfiɗa irin waɗannan bututu. Gara mu san abin da za mu tambaya tun ran gini, tun ran zane.

Ga abin da mu ke ganin ya wajaba kowace ƙungiyar 'yan kasuwa da kowace unguwa ta nema daga hukumar garinta.

A fito da taswirar abin da ke ƙarƙashin kasuwa da titunanta, da shekarar da aka gina kowanne. Wanda bai san abin da ya binne ba, ba zai san ran da zai ruɓe ba.

A riƙa dubawa a kan lokaci, musamman inda ruwa ke faɗowa da inda ya ke shan kwana, a kuma manna sakamakon a ofishin kasuwa da harshen da mutane ke ji. Ba asiri ba ne, mu ne ke zaune a kai.

Daga cikin kuɗin da a ke karɓa a hannunmu, na rumfa da na tebur da na shara, a ware kason gyara, a faɗi nawa ne, a faɗi inda ya tafi. Mai biya yana da ikon ya ga rasit.

In an ba da aikin gaggawa, a bayyana sunan ɗan kwangila da kuɗin da ranar gamawa. Gaggawa dalilin sauri ce, ba dalilin rufa-rufa ba.

In an rufe hanya ko an tashi rumfuna saboda aiki, a ba mutane wurin zama na wucin gadi, a ɗage musu haraji, a rubuta sunan kowa don ya koma wurinsa in an gama. Kada a tashi mai tebur da sunan gyara, a wayi gari an sayar wa mai kuɗi da wurin.

Leburan da za a tura cikin rami a ba shi abin gwada iska, da abin shaƙa, da igiya, da mutum a sama yana riƙe da ita. Ransa bai fi na kowa araha ba.

NAMU AIKIN

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Leda da tsumma da ɓawon kayan miya da ragowar man suya, in sun shiga lambatu su ne ke tare ruwa. Ruwan da ya tsaya shi ke ruɓewa, wanda ya ruɓe shi ke fid da iskar nan. Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Mahauta da masu abinci da masu markaɗe, a tara dattin a kai juji. Kada a yarda kowa ya toshe bakin kwalbati don ya ƙara faɗin shago.

Ku kuma riƙa lura da alamu. In kun ga kwalta ta lotsa kamar akushi, an cike ta sake lotsawa. In kun ga ɗan rami a titi wanda ke shanye ruwa da ƙasa ba ya cika. In bangon shago ya tsage ba dalili, ko ƙofa ta daina rufuwa. In wari ya tashi inda da babu. In kun ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙafa. To, a sa duwatsu a kewaye wurin, a hana manyan motoci bi, a kai magana ga hukuma a rubuce, da kwanan wata, da hannun mutane da yawa, a kuma ajiye kwafi. Maganar baki iska ce. Takarda ita ke tsayawa shaida ran da aka ce ba a sani ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi kome, don ya shafi rai. Iskar nan ta fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, saboda haka a gindin rami ta ke kwanciya. In kaɗan ce a kan ji warinta. In ta yi yawa kuwa kashe hanci ta ke yi, mutum ya daina jin kome, ya ɗauka lafiya lau, numfashi kaɗan ya faɗi. In waya ko kuɗi ko akuya ta faɗa shadda, a bar ta. In mutum ya shiga ya faɗi, kada na biyu ya bi shi hannu sake, domin haka a ke rasa mutum uku a rami ɗaya. A buɗe bakin ramin sosai, a kira 'yan kwana-kwana, a yi ƙoƙarin jawo shi daga sama. 'Yan kwana-kwanan Japan da duk kayan aikinsu sai da suka jira wata uku. Ba tsoro ba ne, sanin abin da ke ciki ne.

Dattawa da iyayenmu mata, ku kai wannan magana gida. Shugabannin layi-layi na kasuwa, ku sa ta cikin taronku na gaba, ku zaɓi mutum biyu ko uku su zaga su ƙirga kwalbatoci da lambatun da ke ƙarƙashin rumfunanku, su rubuta halin da kowanne ke ciki kafin damina ta kama. Da wannan takarda za a tunkari hukuma.

 Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba da kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.